Tafiyata Njamena da Fom Ɗin da Ya Ƙi Gane Halime

Tun da na dawo daga Njamena ba wanda ya bar ni na huta. A ofis, a gidan suna, har a waya, tambayar ɗaya ce: "Nafisa, ya Chadi?" In na ce lafiya lau, sai a ce ba wannan ake nufi ba. Ƙawata Jamila ce ta ce in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, bakina ya huta. To ga shi.

Ga wanda bai san aikina ba, ina sashen kula da kwamfutoci a wani kamfanin sayen riɗi da ƙaro a nan Kano. Muna da ƙaramin reshe a Njamena. Bara aka buɗe mana shafin cikin gida, wanda ma'aikata kaɗai ke shiga, aka zuba masa fom-fom: na neman hutu, na izinin asibiti, na neman mota. Daga nan doka ta fito, duk abin da bai bi ta fom ba, ba a san da shi ba. A Kano abin ya zauna daram. A Njamena ma ya yi aiki har zuwa shigowar zafi, sai ƙorafi ya fara zuwa. Mutum zai shiga shafin lafiya, yana buɗe fom sai a ce ya sa sunansa da kalmar sirri. Ya sa, shafin ya juya, ya sake tambaya. Haka zai yi ta yi har a kulle shi.

Mun gwada gyara daga nan ta waya, abin ya gagara. Layi na yankewa, ga kwamfutocinsu da Faransanci suke magana, ni kuwa Faransancina bai wuce gaisuwa ba. A sama aka fara cewa mutanen Njamena ne ba sa son sabon tsari. Ogana dai bai yarda da wannan ba. Da ya ji motar kamfani za ta kai musu na'urar auna danshin riɗi, sai ya ce in bi ta in gani da idona.

Maigidana ya tambayi wanda zai tuƙa. Da na ce Baba Modu ne, ya ce to. Baba Modu dattijo ne Babarbare, ya tsufa a kan wannan hanya. Mahaifiyata ba ta ce to ba, ba ta kuma hana ba. Ta dai cika mini jaka da dambun nama da kilishi kamar wadda za ta yi shekara.

Daga Kano zuwa Maiduguri babu abin faɗa sai zafi da shingayen bincike. A gidan ƙanwar Baba Modu muka kwana, ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida saboda ɗaki ba ya shiguwa. Washegari muka fita bakin gari muka shiga layin motocin da ke jiran rakiyar sojoji zuwa Gamboru. A nan na ga jira. Manyan motoci sun yi layi iya ganinka, direbobi sun shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motocinsu suna barci. Wata mata mai kai atamfa Kusiri ta matso mini a inuwa, ta ce, "'Yar nan, karon farko ne ko?" Na ce ta yaya ta gane. Ta ce, "Ke kaɗai ce kike duba agogo."

Hanyar Dikwa ta girgiza mini ƙashi. Baba Modu na ta jan carbi da hannunsa na hagu tun da muka tashi. Sai da muka hango Gamboru ya ce, "Malama, yanzu kya iya buɗe kilishin nan."

A kan iyaka aka nemi katin rigakafi, na zazzage jakar hannuna kaf ban gan shi ba. Ashe yana can ƙasan babbar jaka, ƙarƙashin dambun nama. Haka na tsugunna gaban jama'a ina fito da kayana ɗaya bayan ɗaya. Jami'in da ke jirana ya kalli ledojin abinci ya tambayi Baba Modu ko ƙaura zan yi. Muka tsallaka zuwa Fotokol a ƙasar Kamaru, muka miƙa sai Kusiri, a nan muka sake kwana a wani masauki da fankarsa ke juyawa ba ta ba da iska.

Daga Kusiri gada ɗaya ce tsakaninka da Chadi. Kan gadar cike take da babura, da masu tura kura, da mata masu lafaya kala-kala ɗauke da kaya. Ruwan ya ba ni sha'awa, na ɗaga waya na ɗauki hoto. Kafin in sauke hannuna wani jami'i ya ƙwanƙwasa gilashi. Baba Modu ya sauka, suka yi ta Larabci, ni ina jin kalmar "talafon" kawai. A ƙarshe aka sa na goge hoton a gabansa, ya ce mu tafi. Da muka wuce Baba Modu ya ce, "A nan ba a ɗaukar hoton gada, ko barikin soja, ko babban ginin gwamnati. In kina shakka, sa wayar a jaka." In dai a kan titi ne, a jaka ta zauna har na bar ƙasar, shi ya sa duk mai neman hoto a wajena ya yi haƙuri.

Unguwar da ka fara shiga bayan gada ita ce Walia, gonaki da gidajen ƙasa da masu sayar da kifi a bakin titi. Sai ka sake haye wata gadar a kan kogin Shari kafin ka shiga cikin gari sosai. An kama mini ɗaki a wani ƙaramin masauki a unguwar Paris-Congo. Na yi dariyar sunan, don ban ga Paris ba, ban ga Kongo ba, sai shaguna da masu shayi da yara na ƙwallo. Ɗakin tsaf yake. Matsalar farko a bango na same ta: soket ɗinsu mai ramuka biyu ne zagayayyu, cajar laftof ɗina kuwa mai ƙafa uku ce irin tamu. Ni da aka aiko gyaran na'ura, na kwana da matacciyar na'ura.

Da safe shugaban reshe ya zo da kansa ya ɗauke ni. Sunansa Adum, dogo, siriri, mai yawan ba da haƙuri ko bai yi laifi ba. Hausarsa ta kasuwa ce, yana yi yana cusa Larabci da Faransanci. Da na nuna masa cajar ya ce mu biya Dembé. A hanya na ga abin da ya ba ni mamaki. Muna tafiya kusa da wani bariki sai aka busa usur, motoci da babura suka tsaya cak, masu tafiya a ƙasa suka ƙame. Na zaci wani abu ya faru, na riƙe ƙofa. Adum ya ce, "Ba komai, Madam. Tuta ake ɗagawa." Aka gama, kowa ya ci gaba da harkarsa. Na yi tunanin a gwada wannan a Ƙofar Wambai.

Kasuwar Dembé babu abin da babu, daga busasshen kifi zuwa gwanjon takalma. A layin masu kayan lantarki na ji wani yana cewa abokinsa, "Miƙo mini wanga." Na juya na yi masa sallama da Hausa. Mutumin Maraɗi ne, ya shekara da yawa yana kai da kawowa. Ya nemo mini adafta, ya sa aka kawo mana karkanji mai sanyi, wato zoɓo, sai dai nasu ya fi namu tsami. A shagonsa an jera tsofaffin kwamfutoci da aka kawo daga Faransa. Adum ya nuna su ya ce, "Namu ma a nan muka saya. Da aka buɗe reshe Kano ba su aiko da ko ɗaya ba." Na riƙe wannan magana, don tana nufin na'urorinsu ba sa cikin tsarin da muke sarrafawa daga hedikwata.

Ofishin gida ne mai ɗakuna kaɗan, da babban sito a baya yana ƙamshin riɗi. Kowa ya taso gaishe ni, "Lale, lale," wato maraba. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, ana yi ana tafa hannu a hankali, ana "afe, afe," wato lafiya, har ka rasa inda za ka tsaya. Mutum ɗaya ce ba ta taso ba, wata mata a kusurwa bayan babban tebur, lulluɓe da lafaya ruwan toka. Daga zaune ta ce, "Sannu da hanya, 'yar'uwa. Kin sha rana." Hausarta tas, amma da wani tsohon ɗanɗano, irin na kakanni. Adum ya ce wannan Halime ce, mai kula da asusun reshe. Daga baya ta faɗa mini kakanninta mutanen Haɗejiya ne, sun taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a nan, zangon ya zama gida.

Na zauna gaban kwamfutar Adum don in nuna musu yadda ake shiga. Na buga kalmar sirrina, aka ce ba daidai ba. Na sake, aka ce ba daidai ba. Ina cikin haka aka kulle ni, ma'aikata tsaye a bayana suna kallo. Sai a nan na dubi yatsuna. Kibod ɗin Faransa ne, inda muke da wani harafin su wani ne a wurin, lambobi ma sai ka danne wani maɓalli kafin su fito. Adum ya ce, "Yi haƙuri, Madam," kamar shi ya ƙera shi. Mai kula da sito ya kasa riƙe dariya, ni ma na yi. Na kira Kano aka buɗe ni. Wannan kunya ta yi mini amfani, don daga nan suka saki jiki da ni.

Da farko na zaci kibod ɗin ne matsalarsu su ma, amma a'a, sun saba da abinsu. Na sa Adum ya shiga ina kallo. Shafin cikin gida ya karɓe shi ba musu. Ya danna fom ɗin neman mota, akwatin tambaya ya fito. "Kin gani," in ji shi, "modipas, modipas, kullum modipas." Haka suke kiran kalmar sirri. Na kwafi adireshin fom ɗin na buɗe shi shi kaɗai a sabon shafi, ya buɗe lafiya bai tambayi komai ba. A nan na gane inda gizon yake.

Bari in yi bayani yadda Jamila za ta gane. Fom ɗin nan ba a shafinmu yake zaune ba, na wani kamfani ne da muke haya a wajensa, an dai buɗe masa taga ne a cikin shafinmu. Idan ka shiga, yakan ba burauzarka wata 'yar shaida ta ajiye, wadda muke kira kukis, don in ka dawo ya gane ka. To burauzarsu ta sabunta kanta, ta daina karɓar shaida daga duk wani baƙon shafi da ke leƙowa ta taga. Sai ka sa kalmar sirri, a miƙo shaida, burauza ta yar, fom ya dube ka bai san ka ba, ya sake tambaya. A Kano ba mu ga haka ba saboda daga sashenmu muke tura wa kowace kwamfuta jerin shafukan da aka amince da su. Na Dembé ba su taɓa samun wannan saƙo ba.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, Adum na fassara mini abin da ke kan allo, ina sa adireshin fom ɗin cikin waɗanda aka yarda da su, ina share tsofaffin shaidun da suka taru. Wuta ta ɗauke, aka tada janareta, muka ci gaba. Kafin azahar mai kula da sito ya tura fom ɗinsa na asibiti ya tafi, ya tashi yana zagaya ofis yana nuna wa kowa allon.

Ta Halime ce ta ƙarshe. Na yi mata abin da na yi wa sauran, na ce ta gwada. Ta sa kalmar sirri, shafin ya juya, ya sake tambaya. Na sake dubawa, komai daidai. Na ce ta zo ta shiga ta kwamfutar Adum mana. Ta ce ba ya yiwuwa, asusun masu kula da kuɗi an ɗaure shi da na'urarsu, ba ya buɗewa a wani wuri. Gaskiyarta, mu muka sa wannan doka. Na ce ta ɗan ba ni kujerar. Ta dafa tebur da hannu biyu ta miƙe a hankali, lafayar ta zame, sai na ga cikinta. Ya tsufa ƙwarai, har ya sauko. Ƙafafunta sun kumbura sun cika silifas.

Na rage murya na ce, "Halime, wane fom kike son cikewa?"

Ta kalli ƙofa ta ga ba namiji kusa, ta ce, "Na konje." Hutu ke nan. "Na haihuwa."

"Tun yaushe kike nema?"

"Tun farkon zafi."

Na tambaye ta me ya hana ta zauna a gida kawai. Ta ce kwantiraginta na shekara ne, kuma ya kusa sabuntawa. In ta daina zuwa ba tare da an amince da hutun ba, za a rubuta ta gudu daga aiki. Adum ya aika saƙo Kano, aka amsa masa cewa a cike fom. Na nemi ya nuna mini saƙon. Ya rubuta cewa wata ma'aikaciya tana neman hutu, bai faɗi irin hutun ba. Ya ce Halime ce ta roƙe shi kada ya rubuta, cikin fari ne, tana jin nauyi a yi ta karanta zancen a ofisoshin maza.

A can da sassafe ake fara aiki, a tashi kafin la'asar saboda rana. Lokacin tashi ya yi ban gano komai ba. Halime ta ce in zo in ci abinci a gidansu, mahaifiyarta ta ji an ce baƙuwa ta zo daga Kano. Na zaci mota za mu hau. Muna fita sai ta tsayar da babur, klando suke ce masa, ta zauna a karkace ta riƙe ƙarfen baya. Na hau wani na bi ta. A Walia take, wato kullum sai ta haye gadar Shari safe da yamma, cikin cunkoson manyan motoci, a kan titi mai ramuka. Duk ramin da babur ɗinta ya faɗa sai na ji shi a cikina. Ban ga kogin ba ma, bayanta kawai nake kallo.

Mahaifiyarta, Inna Zara, ta tarbe ni kamar ta san ni. Mijin Halime malamin makaranta ne, an tura shi kudu, shi ya sa ta dawo gida. Aka kawo tuwon gero da suke kira esh, an kife shi daga ƙwarya ya fito da zanen ƙwaryar a jikinsa, da miyar kuɓewa da kifi. Ga kuma kisra, wata 'yar siririyar waina mai tsami kamar takarda. Na ce zan ci da cokali, Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Bayan abinci aka kawo jan shayi a ƙananan kofuna, sukarinsa har yana kama leɓe. Na sha ɗaya na kife kofi, aka ɗauka aka sake cikawa.

Inna ta tambaye ni ko har yanzu ana rini a Kano, don kakarta ta sha ba ta labari. Muna cikin hira Halime ta shiga ɗaki, sai tsohuwar ta matso ta kama hannuna.

"'Yata, an ce ke ce likitan na'urar."

Na ce ina dai ƙoƙari, Inna.

"Ni ban san abin da ke cikinta ba. Amma kullum yarinyar nan ta fita, ina nan bakin ƙofa har ta dawo. Na ce ta bar aikin, ta ce in ta bari wa zai riƙe mu. Ki gaya wa na'urar nan ta sake ta."

Na ce in Allah ya yarda. Na faɗa ne kawai, don a lokacin ban san me zan ƙara gwadawa ba.

Washegari na riga kowa zuwa. Na cire burauzar na sake sa ta, na gwada wata daban, na canza wayar intanet, duk ɗaya. Na kira abokin aikina a Kano ya duba ta ɓangarenmu, ya ce abin da yake gani shi ne ana ba ta shaida, na'urarta na ƙin karɓa, wai lokacin shaidar bai yi ba. Na kalli agogon da ke ƙasan allo, na kalli na hannuna, daidai suke. Adum ya kawo mini shayi da fangasu, wato fankensu, ya ga ina kallon agogo, sai ya ce, "Wannan kam daidai yake, ni na gyara shi da hannuna. Duk shekara in zafi ya shigo sai ya yi gaba da awa guda, in mayar da shi."

Na ajiye kofin. Na buɗe saitin lokaci, sai ga shi, na'urar tana ɗauka har yanzu a Paris take. Faransawa kan tura agogonsu gaba da awa ɗaya idan bazararsu ta shigo, ita ma sai ta bi su. Adum kuma ya ga agogo ya yi gaba, ya ja shi baya da hannu, ya kashe saitin da ke daidaita shi da kansa don kada ya sake gudu. A ido lokaci daidai, amma a lissafin na'urar tana bayan duniya da awa guda. Duk shaidar da aka miƙo mata sai ta ga kamar daga gaba ta zo, ta ƙi. Shekarun baya ba wanda ya damu, don babu fom. Na mayar da ita Njamena, na kunna daidaitawar, na kashe na kunna.

Adum ya fara ba da haƙuri, na ce ya bari, ko ni na ga agogo ya yi gaba abin da zan fara yi ke nan.

Halime ta iso tana haki, ta zauna, ta sa kalmar sirri. Fom ya buɗe. Ta shiga cikewa da sauri kamar za a ƙwace. Ta danna turawa. Sai wani jan rubutu ya fito: ba a karɓi buƙatar ba, hutun haihuwa sai an nema da wuri kafin lokacin farawa, nata ya makara.

Ta karanta, ta sake karantawa, ta janye hannunta daga kan tebur ta ɗora a cinya. "Shi ke nan," in ji ta. "Kin yi ƙoƙari, 'yar'uwa."

Wannan ba gyaran kwamfuta ba ne, kuma ba hurumina ba ne. Mai iko a kai ita ce Hajiya Rakiya, shugabar sashen ma'aikata a Kano, mace mai tsare doka wadda ko mu da muke gini ɗaya muna shakkarta. Na ce wa Halime zan kira Hajiya ta bidiyo, in ta yarda. Ta ce a fitar da maza. Adum ya kwashe su zuwa sito ya ja ƙofa.

Hajiya ta ɗauka tana cikin duba takardu. Na gaishe ta, na yi mata bayanin matsalar tun daga farko. Ta ce, "Nafisa, na ji, kuma sannu da aiki. Amma tsari tsari ne. In na buɗe wa mutum ɗaya, gobe kowa zai ce na'ura ce ta hana shi. Ta rubuto, kwamiti zai duba a zamansa na gaba."

Na ce, "Hajiya, ga ta nan, ku gaisa."

Na juya wayar. Halime ta gaishe ta daga zaune, a ladabce. Sannan, ba tare da na ce mata komai ba, ta dafa tebur ta miƙe tsaye, ta saki lafayar.

Hajiya ta cire tabarau.

"A haka kike zuwa aiki?"

"Eh, Hajiya."

"Da me kike zuwa?"

"Da babur."

"Na fari ne?"

Halime ta sunkuyar da kai.

"Ɗauki jakarki ki tafi gida yanzu. Ni zan shigar da shi da hannuna, daga yau. Zancen kwantiragi kuma ki cire shi daga ranki. Nafisa, ce wa Adum ya kai ta a mota, kada in ji an ce babur. In ya dawo ya kira ni, ina da magana da shi, da ni kaina ma."

Adum ya kai ta. Ni na ƙara kwana biyu ina haɗa kwamfutocinsu da tsarinmu na Kano don kada a sake irin wannan, na kuma sa mahaɗi a ƙarƙashin kowane fom wanda zai buɗe shi a shafinsa daban in tagar ta ƙi. Da yamma Adum da matarsa suka kai ni cin gasasshen naman raƙumi. Yana da daɗi, amma muƙamuƙina ya yi kwana yana tuna mini. Na sayi lafaya biyu, har yau ban iya naɗa ta ba tare da ta warware a tsakiyar titi ba.

Masu tambayar Halime, ta sauka lafiya bayan na dawo da ɗan lokaci, ta sami mace, Adum ne ya kira ya faɗa mini.

Amma ban yi sallama da ita ba, ga kuma dalili. Ranar da za mu taso, da yake hanyarmu ta Walia ce, na ce wa Baba Modu mu tsaya. Hantsi ya ɗaga, lokacin da ofis ya riga ya cika. Na yi sallama a hankali na shiga. Inna Zara tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗaga hannu ta nuna mini gindin darbejiya. Halime ce kwance a tabarma ta gefe ɗaya, an tokare mata ƙafafu da matashi, bakinta a ɗan buɗe, tana barci mai nauyi. Kaza na yawo kusa da kanta ba ta sani ba.

"In tashe ta?" in ji Inna cikin raɗa.

Na ce a'a.

Ta rako ni har mota, ta tura mini ƙullin busasshen kifi ta taga, ta yi mana addu'ar hanya. Baba Modu ya saki birki ya bar motar ta gangara da kanta, bai tada inji ba sai da muka kai bakin titi.